Layin Allin da Injin Ya Tsallake

Wata rana, wata Alhamis da hantsi, wani direban tirela ya ƙi tayar da mota.

Motar lafiya lau take. Tanki cike da mai, tayoyi sababbi, takardu cif.

Shi ne dai ya ce ba zai ja ba.

Sunansa Korau. Amma in ka shiga wani yadin lodi da ke bayan Dakata a Kano ka ce kana neman Korau, sai a tsaya ana kallon juna. Ka ce Ticha, yanzu a nuna maka shi.

Bai taɓa tsayawa gaban aji ba. Firamare ma bai ƙarasa ba.

Alli ne ya ja masa sunan, farin nan na rubutu a allon makaranta. Kullum akwai guda a aljihun rigarsa. Duk kaya mai nauyi da aka ɗora masa, sai ya durƙusa ya zagaye gindinsa da layi. In ya yi 'yar tafiya, ya tsaya, ya hau, ya duba. Kaya yana cikin layi, ya wuce. Ya taɓa layi, ya kwance ya sake ɗauri, ko da mai kayan zai yi ta masifa a waya har cajinsa ya ƙare.

Kun san halinmu. Mutum ya cika kula, sai mu ce yana da matsala.

Shekara biyu cur Korau ya yi a kan benci, ba mota. Masu motoci suna cewa, "Ticha ya iya tuƙi, amma ɓata lokaci gare shi, ga baki." Shekara biyu yana zuwa yadi da sassafe cikin wankakkiyar riga, yana shan shayi, yana kallon waɗanda shi ya koya wa shiga lungu da baya suna fita da lodi suna ɗaga masa hannu.

Sai wani mai mota ya ce bari ya gwada shi. Sati uku ke nan da ba shi mukulli. Wannan ne babban lodinsa na farko.

Da safen nan yana saka takalmi, matarsa Lantana ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, don Allah wannan karon ka danne zuciyarka. Ba duk abin da ido ya gani baki yake faɗa ba."

Ya ce, "To."

Ta ce, "Wannan 'to' ɗin na san shi."

Kayan kuwa injin ne. Ba irin janaretan da kuke ajiyewa a bayan ɗaki ba. Ƙaton injin ba da wuta na masana'anta, tan tara, ya fi mutum tsayi, kore shar. Na wani Alhaji Jafaru ne, wanda ya gina sabon kamfanin casar shinkafa a wajen Haɗeja. Ranar Asabar za a yi bikin buɗewa. An raba kati, an kafa rumfa, kanikawa suna can zaune suna jiran injin ya iso su haɗa.

Korau ya bar motar a yadi ya shiga gari karɓo takardar kaya. Cunkoso ya riƙe shi.

Ko da ya dawo, an gama lodi. An rufe da tamfol. Kiren, motar nan mai dogon hannu da take ɗaga kaya, har ta fara naɗe hannunta za ta tafi wani aikin.

Mantau, shugaban 'yan lodi, yana share gumi da hularsa ya ce, "Ticha, yau mun hutar da kai. Hawa kawai za ka yi."

Korau ya wuce shi. Ya hau bodi, ya ɗaga gefen tamfol.

Tsofaffin tayoyi shida a shimfiɗe. Injin a kansu. An jefa sarƙa biyu ta samansa, an matse.

To, ku tsaya in yi muku bayani, don wanda bai san harkar ba zai ce ai wannan ma kula ce.

A yadin nan, tun kafin a haifi wasunku, haka ake lodin injin. A shimfiɗa tsohuwar taya, a ɗora shi, wai kada ƙarfe ya bugi ƙarfe, kada fenti ya kwaile, kada gargadar hanya ta wahalar da shi. Ga ɗan injin niƙa ko na ban-ruwa, wanda mutum huɗu za su ɗaga, ba laifi. Ana yi, ana isa lafiya.

Amma tan tara a kan roba?

Roba lotsawa take yi. Mota ta faɗa rami, injin ya danna taya ƙasa, sarƙa ta saki. Mota ta fito, taya ta turo shi sama, sarƙa ta ɗame.

Saki, ɗame. Saki, ɗame.

Duk sanda ta saki, injin ba mai riƙe da shi na ƙiftawar ido. A cikin wannan ƙiftawar idon yake tafiya. Kuma in aka taka burki, ba baya yake nufa ba. Gaba yake yi, wajen ƙeyar direba.

Korau ba a littafi ya karanta wannan ba. Kafaɗarsa ta hagu ce ta karantar da shi. Shekara goma sha tara da suka wuce, ya bari aka ɗora masa injin a kan taya, don yana jin nauyin yi wa manya gardama. Ya taka burki a wata gangara, injin ya biyo shi har cikin kan motar. Har yau hannun nan ba ya ɗaguwa ya wuce kunne. In zai saka riga, da shi yake farawa.

Wancan tan biyu ne fa.

Ya saki tamfol, ya leƙo ƙasa.

"Mantau, a tsayar da kiren."

Mantau ya ɗaga kai. "Ka fara ko?"

"A ɗaga shi, a cire tayoyin nan. A sa katako a ƙarƙashin ƙafafunsa, a tokare shi gaba da baya. Sarƙa huɗu, kowace ta kama kunnen ƙarfen da maƙeransa suka yi masa, a gicciye. Ba ta sama ba kamar kun ɗaure buhun gawayi."

"Awa nawa ke nan?"

"Uku. In kun rage surutu, biyu da rabi."

'Yan lodi suka kwashe da dariya. Mantau ya buga ƙirji ya ce, "Shekarata talatin ina ɗora injin a kan taya. Ko ɗaya bai taɓa dawowa ya kawo ƙarata ba."

Korau ya ce, "Kai a bakin ƙofa kake rabuwa da shi. Ni ne muke tafiya tare."

Ana cikin haka jif ɗin Alhaji Jafaru ta shigo. Ya fito cikin farar babbar riga, waya biyu a hannu ɗaya.

In faɗi gaskiya, ba mugun mutum ba ne. Mutum ne da ya saba in ya ce a tafi, a tafi. Kuma kwana biyu gare shi kafin jama'a su cika masa rumfa.

"Ina direban? Malam, me ake jira?"

"Ranka ya daɗe, ɗaurin ne bai yi ba."

Alhaji ya dubi Mantau. Mantau ya matso kusa, ya rage murya, amma ba sosai ba, don yana so a ji. "Alhaji, haka muke yi kullum. Wannan bawan Allah, halin nan ne ya zaunar da shi a benci shekara biyu."

Alhaji ya miƙa hannu ya kama sarƙa ya girgiza. "Ga shi ko motsi ba ta yi."

"A tsaye ba za ta motsa ba, ranka ya daɗe."

"Kai injiniya ne?"

"Direba ne."

"To ka yi tuƙi mana."

Korau ya sa hannu a aljihu.

Alhaji ya latsa waya, ya kira mai motar, ya buɗe murya kowa yana ji.

Mai motar bai ko gaisa ba. "Korau, mutum nawa suka hana ni ɗaukarka, na ce a'a, dattijo ne, a taimaka masa? Minti goma na ba ka. Ko ka ja, ko ka ba Haladu mukulli."

Haladu wani direba ne da ke zaune a benci, shi ma wata huɗu ba mota, 'ya'yansa uku. Korau ne ya koya masa tirela. Da ya ji sunansa sai ya ajiye kofin shayi, ya sunkuyar da kai.

Yanzu ku sa kanku a matsayin Korau.

In ya ja, ya san abin da yake ja. In ya miƙa mukulli, injin bai fasa tafiya a kan taya ba. Ƙeya kawai aka canza.

Ya tuna Lantana a bakin ƙofa. Ya dubi bencin nan, har ya san wace ƙusa ce take kama wando a jikinsa.

Sai ya zaro alli.

Ya hau bodi, ya yaye tamfol gaba ɗaya, ya durƙusa, ya ja layi a daɓen motar daidai inda ƙafafun injin suka tsaya. A hankali, kamar ba wanda yake jiransa.

Wani ɗan lodi ya ce, "An shiga aji."

Alhaji ya duba agogo. Da Korau ya sauko, ya tare shi.

"Malam, tsoro kake ji. Ka faɗa kawai a wuce wurin."

"Tsoro nake ji, ranka ya daɗe. Kai fa?"

"Ni? Tsoron me?"

Korau ya zagaya, ya buɗe ƙofar ɗaya ɓangaren, ya kakkaɓe kujera da hularsa.

"To bismillah. Daga nan zuwa bakin ƙofa kawai. In mun isa ka ce in wuce, har Haɗeja ba za ka ƙara jin bakina ba."



Alhaji ya waiga. 'Yan lodi, direbobi, mai shayi, mai kiren, kowa shi yake kallo. Kuma da bakinsa ya gama cewa ba ya tsoro.

Ya tattare babbar riga, ya taka matakala uku, ya shiga.

Daga wurin lodi zuwa ƙofar yadin akwai 'yar tafiya, jan ƙasa ce, duk ramuka. Korau ya sa aka kori kowa daga hanya, sannan ya tayar.

Ramin farko: kacau.

Na biyu: kacau.

Alhaji ya juya. Ta ƙaramar tagar baya, koren ƙarfe ya cika gilashin gaba ɗaya. Tun da ya sayi injin nan bai taɓa ganinsa ta wannan gefen ba.

"Ƙarar mene ne wannan?"

"Sarƙa ce take numfashi."



Korau ya nuna masa allurar gudu. "Dubi nan, ranka ya daɗe. Ashirin. Mai keke ma zai wuce mu. Yanzu zan taka burki irin wanda ake takawa in akuya ta gilma. Akuya fa, ba mutum ba. Riƙe ƙarfen nan."

Ya taka.

Aka ji wani dogon nishi na ƙarfe yana jan roba, sannan dum.

Kan motar ya girgiza. Hular Alhaji ta faɗa gaban gilashi, waya ɗaya ta shige ƙarƙashin kujera. Salatin da ya fito daga bakinsa ba shirya shi ya yi ba.

Korau ya kashe mota. Suka sauko. Jama'a suka rugo.

Injin ya tsallake layi da taƙi guda da yatsa biyu. Taya ɗaya ta zazzalo ta gefe kamar harshe. Sarƙar da Alhaji ya girgiza ɗazu ta ƙi motsi, Korau ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga ta. Da hannun hagun ma.

Bai ɗaga murya ba.

"Wannan ashirin ne, kuma akuya ce. Tsakanin nan da Haɗeja akwai kasuwa, akwai gangara, akwai 'yan makaranta. Ka ce in wuce, in wuce, na yi alkawari. Amma kujerar nan tana nan, tare za mu."

Na san abin da kuke jira.

Kuna jira in ce Alhaji ya rungume shi, ya ce ka ceci dukiyata, ya saya masa sabuwar tirela, aka ɗauki hoto.

Ku je ku nemi wannan a wani shafin. Ni abin da mutane suke yi nake ba ku.

Alhaji yana tsaye ba hula, yana kallon layin. Wataƙila da an bar shi da zuciyarsa, da ya faɗi wata magana mai kyau. Sai wani can baya ya kasa riƙe dariya. 'Yar ƙaramar dariya ce, fit, ya toshe baki.

Ta wadatar.

Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce, "Mantau, a dawo da kiren. Duk abin da ya ce a yi, a yi."

Sannan ya nuna Korau da waya, bai ko dube shi ba. "Amma wannan mutumin ba zai ja mini kaya ba. Ba yau ba, ba gobe ba."

Ya sake kiran mai motar. Wannan karon gefe ya koma. Minti biyu wayar Korau ta yi ƙara.

"Ka wulaƙanta mini babban mutum a gaban 'yan lodi?"

"Yallaɓai, injin ya tsallake layi."

"Ban tambaye ka layi ba. Ba Haladu mukulli."

Korau ya zare mukullin. Haladu ya taso, ya tsaya, hannuwansa a baya.

"Baba, wallahi ni ban nema ba."

"Na sani. Karɓi, kana da iyali."

Ya kamo hannunsa ya danƙa masa.

Kowa ya ɗauka zai kaɗa riga ya fice. Ni da nake ba ku labarin nan, da ni ne, da tuni na kai bakin titi ina surfa zagi.

Korau ya cire rigarsa, ya ninke, ya ajiye a benci. Ya ce a miƙo masa guduma.

Mantau ya ce, "Ticha, an sallame ka fa."

"Daga tuƙi aka sallame ni. Haladu ne zai zauna a gaban abin nan."

Kiren ta ɗaga injin sama. Ba wanda ya ce wa Mantau komai, shi da kansa ya hau ya jawo tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya gangara su jikin katanga, yana ta ƙunƙuni wai dama sun tsufa.

Korau ya sa aka matsar da injin ya zauna inda nauyinsa zai rabu daidai a kan tayoyin motar. Aka jera manyan katakai a ƙarƙashin ƙafafunsa. Aka tokare gaba, aka tokare baya, aka buga ƙusoshi. Ya leƙa ya tabbatar an tsiyaye baƙin mai, an toshe duk bakin bututu kada ƙura ta shiga. Sarƙa huɗu, kowace a kunnenta, a gicciye.

Kuma bai matse ko ɗaya da hannunsa ba. Haladu ya sa.

"Ƙara. Ƙara. Yanzu buga ta da guduma. Ka ji ƙarar? In ta yi kacau, ƙarya take. In ta yi ƙau, ta kama."

Awa biyu da minti arba'in. Duk tsawon lokacin nan Alhaji yana cikin jif, gilashi a rufe.

Da aka gama, Korau ya goge tsohon layi da tafin hannu, ya ja sabo. Sannan ya karya allin biyu, ya miƙa wa Haladu rabi.

"Kafin Gezawa ka tsaya ka duba. Duk inda ka fita daga mummunar hanya, ka tsaya ka duba. In an yi maka tsawa a waya, ka ce to, ka tsaya ka duba."

Tirela ta fita. Jif ɗin Alhaji ta bi bayanta.

Mai shayi ne ya lura. Ya ce, "Kun ga tazarar da Alhaji ya bari kuwa? Tirela uku za su shiga tsakani."

Bayan la'asar Korau ya isa gida. Lantana tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi hannunsa. Ba mukulli, sai farin alli har gwiwar hannu.

"An kuma?"

"An kuma."

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Kai ne da gaskiya?"

"Ni ne."

"To wanke hannu. Akwai sauran ɗan wake."

Amma ya ga yadda ta daɗe tana kallon tire ɗin ba ta tsinci komai ba, ya kuma san gobe benci ne.

Gab da magariba wayarsa ta yi ƙara. Haladu ne.

"Baba, ina wata kasuwa bayan Ringim. Amalanken shanu ne ya fito ta bayan wata babbar mota, mata cike a kai da kayan cefane. Sittin nake. Na miƙe tsaye a kan burki."

"Ka taɓa su?"

"A'a. Saura kamar taku biyu."

"Layi fa?"

Ana jin numfashin Haladu, da alama hawa bodi yake.

"Yana nan, Baba. Ko gashi bai taɓa ba."

Korau ya ce, "Ƙara matse sarƙar baya ta dama kafin ka tashi. Tun ɗazu ƙararta ba ta gamsar da ni ba."

Ya kashe waya, ya ɗauki buta.

Ranar Asabar aka buɗe kamfani. Aka yi jawabi, aka gode wa kanikawa, aka gode wa masu rumfa, aka gode wa mai ɗaukar hoto. Matan amalanken nan kuwa sun koma gida sun dafa abin da suka sayo. Ba su san akwai wani mai suna Korau a duniya ba.

Shi kuma yana nan a benci. Wankakkiyar riga, kofin shayi, rabin alli a aljihu. In an ce masa, "Ticha, da ka lallaɓa ka yi masa bayani a gefe," sai ya ce, "Na yi masa bayani, ya tambaye ni ko ni injiniya ne."

Tayoyin nan shida suna jikin katanga har yau, ciyawa ta fito a cikinsu. Mantau kuma yanzu akwai ɗan guntun alli a bayan kunnensa. In ka tambaye shi, sai ya ce na yi wa buhu alama ne.

Darasi:

Ku daina gaya wa mutane wai in sun tsaya a kan daidai za a tafa musu. Ba a tafawa. Sau da yawa wanda ka hana halaka shi ne na farko da zai kore ka, don ka gan shi ba hula.

Ka tsaya duk da haka.

"Haka muke yi kullum" ba hujja ba ce. Abin da ya riƙe ƙaramin kaya ba lallai ya riƙe babba ba, kuma shekara talatin ana tsira ba ta nufin an iya.

Duk wanda ya ce maka ba komai, ka wuce kawai, duba inda zai zauna in abin ya kwance. In ba kusa da kai ba ne, buɗe masa ƙofa ka ce bismillah.

Kuma in sun ƙwace mukulli, su ƙwace. Kada ka bar na bayanka ya zauna gaban abin da ka san ba a ɗaure yake ba. Mukulli nasu ne. Layin da ka ja naka ne.

In kana da wani Korau a wurin aikinku, wanda kuke ce wa mai taurin kai, tura masa wannan ya san akwai waɗanda suka gane. In kuma kai ne mai cewa a tafi kawai, tura wa kanka da kanka, ka karanta sau biyu. Sauran ku watsa shi har ya isa wayar mai jif.